Fitilun da na binne a gindin gawo

Rediyon babanmu yana da bis huɗu a bayansa, ƙusoshin nan masu murɗi. A kansa na koyi sana'ar da nake ci har yau. In ya yi shiru sai baba ya miƙo mini, in kwance bis ɗin da bakin wuƙa, in hura ƙura, in goge wurin zaman pil, wato batiransa, da tsumma, in mayar. Rediyon nan ya fi shekara ashirin a gidanmu, kuma ranar da baba ya rasu yana magana. Ni a aji shida na tsaya a lakol, makarantar boko ke nan, ban ci jarrabawar sertifika ba, amma tun daga lokacin yayana yake kirana Mushe, wato malamin lakol, don tsokana. Shi bai taɓa shiga aji ba.

Da na yi aure na kafa tebur a kasuwar Buza, ranar kasuwar Karofane kuma in ɗaura akwatina a bayan moto, wato babur, in tafi. Ina gyaran rediyo da tocila, daga baya na koyi taɓa salula. Sai fitilun sola suka shigo. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi mana rana. Matata ta daina sayen kananzir, yara suna karatu ba hayaƙi, mai jego tana ganin jaririnta. Kowace kasuwa sai ka ga an baza su a tabarma, ja da kore da rawaya, da araha.

Ranar da aka fara kawo mini wadda ta mutu, na juya ta ina neman bis. Babu. Na sake juyawa, na duba ƙarƙashin takardar da aka liƙa. Babu ko ɗaya. An haɗa bakin robar ne an manne da kol. Da na matsa da turnabis, ƙarfen kwance bis, sai ta tsage gida biyu. A ciki komai lafiya lau yake, ƙwan fitila da allon da ke shan rana da wayoyi, batiri ne kawai ya mutu, ɗan abu kamar babban yatsa. Shi ma an manne shi, kuma babu irinsa a Buza, babu a Madawa.

Wata tsohuwa daga wajen Karofane ta kawo mini tata, ta naɗe ta a gefen zane.

“Ɗana, duba mini wagga. Jikana ya aiko mini ita.”

“Inna, irin wagga ba ta buɗuwa.”

“Ba ta buɗuwa? Wanda ya rufe ta ba mutum ba ne?”

“Mutum ne, Inna. Amma bai yi ta don a buɗe ba.”

Ta dube ni, ta dubi fitilar. “To shi in ɗansa ya yi ciwo yar da shi yake yi? Aje ta wurinka. Wata rana ka samu dabara.”

Haka kowa yake faɗa. Aje ta. Ba wanda ya taɓa dawowa nema. Ni kuwa halina ne, abin da aka ba ni ajiya ba na iya jefarwa, ko da mai shi ya manta. Ina cewa a raina, in ta dawo fa, me zan ce mata? Sai na riƙa kai su gida ina zubawa a buhu. Ga batiran salula da suka kumbura kamar ƙosai, ga pil da suka yi ruwa, ga ƙananan batira masu nauyi na sola, masu dalma da ruwan nan mai cin tufa. Cikin shekara uku na cika buhu uku, batira masu nauyi kuma bakwai, duk a kusurwar ɗakin da yara ke kwana.

Wata rana da bazara, rana tsaka, matata tana daka sai ta ji wari. Buhu ɗaya ne yake hayaƙi shi kaɗai, ba wanda ya kai masa wuta. Ta ja shi waje, ta zuba masa ƙasa. Da na dawo ban samu ko sannu ba.

“Malam, da yaran nan suna ciki fa? Gawar fitilun mutane ta fi ɗiyanka?”

Na yi kwana biyu ina tunanin inda zan kai su. Juji ba zai yiwu ba, awaki suna kiwo a can, kuma na sha ganin yara suna fasa pil da dutse suna shafa baƙin a fuska. Ƙonawa ma na taɓa gwadawa da guda biyu, na yi kwana uku ina tari. Sai na tuna da kakarmu. Tana salla, amma ba ta saki duk abin da ta taras wurin iyayenta ba. A wurinta, duk abin da ake tsoro binne shi ake yi: mabiyiyar haihuwa, gashin aski, dabbar da ta mutu ba a san dalili ba, layar da aka tsinta a gona. A haƙa rami, a rufe, a aza dutse, kuma kada a gaya wa kowa, domin faɗa yana tayar da abu. Takan ce babu abin da ƙasa ba ta cinyewa. Na girma da wannan, ban taɓa tambayar kaina ko akwai abin da ya fi ƙarfin ƙasa ba.

Da sassafe na aro amalanken jaki na kai su ƙarshen gonarmu ta fadama, gindin wani gawo da ke bakin ƙorama, inda ba ma shuka saboda tsakuwa. Na haƙa har ƙirjina. Na jera batira bakwai a ƙasa, na ɗora buhu uku, na rufe, na aza dutse. Har bisimilla na yi. Na koma gida da sanyin rai, ina ganin na yi abin da mai hankali zai yi.

Shekara huɗu ta wuce. Yayana ya gaji da zuwa ci-rani, ya ce zai yi garkar albasa kamar mutanen Galma. A fadamarmu ruwa ba ya da nisa, gaba uku ka same shi. Ya sayar da sansa, ya sa aka haƙa rijiya, aka zuba mata zoben siminti. Ni ina Buza, sai da aka gama ya aiko in zo in gani.

Tun daga nesa na hango inda aka yi ta, kusa da gawon nan. Yana ta ba ni labarin yadda ruwa ya ɓullo, ni kuwa idona yana kan gawo. Da ya juya wajen masu aiki na taka a hankali ina ƙirgawa. Daga dutsen zuwa bakin rijiya taki goma sha huɗu ne, kuma rijiyar ce a gangare.

“Mushe, mi kake awo? Ko kai ma taka za ka gina?”

“A'a, Yaya. Ina duba wuri ne.”

Ya jefa guga, ya cika ƙwarya ya miƙo mini. “Sha ka ji. Ko pompon gari bai kai shi daɗi ba.”

Na sha. Ruwa mai sanyi, garau, ba wari ba ɗaci. Na ce a raina, ka gani, ƙasa ta cinye. Amma a hanyar komawa sai na riƙa jin harshena, ina tambayar kaina ko akwai ɗan ƙarfe-ƙarfe a ƙarshensa ko ni ne nake ƙirƙira.

Ya kamata in faɗa a ranar. Na sani. Abin da ya hana ni shi ne san nan da ya sayar, da fuskarsa, mutumin da bai taɓa mallakar abin da zai nuna wa mutane ba. Sai kuma kunya: ni da ake kira Mushe, ni ne na zuba masa shara a gona a ɓoye. Na ce bari in gani tukuna. Na ɗauko wata dabara ta wauta, duk sati in je garkar in sha ruwan da yawa, har cikina ya yi ƙwal, wai in akwai cuta ni za ta fara kamawa. Duk safiya ina duba idona da harshena a madubin moto. Ban ga komai ba.

Matar yayana abokiyar wasana ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu take kirana ƙaramin miji, ni kuma ina ce mata uwar rowa. A shekarar tana da ciki. Pompon gari yana da nisa, ga layi, don haka in ta kai abinci garka sai ta cika bido biyu, manyan jarkoki, da ruwan rijiyar ta ɗora wa jaki. Da shi suke sha, da shi take dama fura.

Na gwada hana ta ta gefe. Na ce mata ruwan garka na albasa ne, ba na mutane ba.

“Ji ƙaramin miji! Kai da kake zuwa kana shanye mana rabin rijiya? In kana son ka ɗebo mini na pompo, ga bido nan, ga hanya.”

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Wata ranar kasuwa majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya kawo salularsa gyara. Ina aiki ina tambayarsa, kamar zancen wani. Na ce in mutum ya binne matattun batira kusa da rijiya, ruwan zai lalace? Ya ce yana iya lalacewa, yana iya kuma ƙin lalacewa, ya danganta da ƙasar da yadda ruwa ke bi. Ya ce dalma ba a ganinta a ruwa, ba a jin ɗanɗanonta, kuma babba yana iya sha ya daɗe bai ji komai ba, mai ciki da ƙaramin yaro ne abin tsoro. Na ce yaya ake ganewa? Ya ce sai an auna ruwan, kuma abin awon ba a nan kusa yake ba. Ya dube ni ya ce, “Wane ne?” Na ce wani ne a Keita.

A ranar na rufe tebur da wuri na nufi garka, na shirya maganata kalma kalma a kan moto. Na taras ana dashe, yayana cikin laka har gwiwa yana waƙa, ya ce albarkar zuwana ce aka gama kafin la'asar. Na kasa. Na ce a raina sai ranar Juma'a bayan masallaci, in mun zauna mu biyu.

Ranar Laraba cikin matar yayana ya zube, yana wata bakwai. Namiji ne. Ni na riƙe fartanya aka haƙa ɗan raminsa.

Mata sun ce ta yi zazzaɓi a satin. Sun ce tana ɗaukar kaya mai nauyi. Sun ce ai kafin a yi rijiyar ma ta taɓa ɓari sau ɗaya. Duk gaskiya ne, kuma na riƙe kowace magana kamar mai riƙe igiya a cikin rijiya. Amma in na tsaya salla sai in rasa raka'ar da nake, ina ƙirga taki goma sha huɗu. Daga ranar da na yi magana da majo zuwa Laraba kwana biyu ne. Daga ranar da na fara ganin rijiyar kuwa wata biyar.

Bayan kwana bakwai na same shi a garka da hantsi yana ban ruwa. Na ce, “Yaya, zo ka ga wani abu.” Na kai shi gindin gawo, na nuna masa dutsen, na faɗa masa komai, har da maganar majo. Ban ɗaga kai ba.

Ya ce, “Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar da ka ba ni na sha.”

“Kuma ka sha.”

“Na sha.”

“Kullum kana zuwa kana sha kamar raƙumi. Ni ina cewa ƙanena yana son garkata.” Ya yi wata ƴar dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba. “To Mushe, karatun naka ke nan? Tahi ka ɗauko shebur.”

Muka haƙa mu biyu. Buhunan sun ruɓe sun zama ƙasa. Fitilun kuwa da na goge ɗaya da hannun riga, sai ga ta ja wur kamar yau aka sauke ta daga mota. Shekara huɗu da ɗori a cikin ƙasa, ko kodewa ba su yi ba. Batiran cikinsu ne suka fashe, wani farin gari mai kore-kore ya fito ta tsagun. Pil sun narke sun haɗe da laka, sun yi baƙi. Daga ƙugu zuwa ƙasa ramin jiƙe yake. Yayana ya ɗaga wata koriyar fitila yana juyawa.

“Wanda ya yi wagga ya san ba ta ruɓewa?”

“Ya sani mana.”

“Kuma ya san cikinta yana mutuwa shekara guda.”

Ya jefa ta cikin tulin.

Batira masu nauyi biyar muka samu, uku a fashe. Bakwai na binne, ba na shakka. Damina biyu da suka wuce ƙorama ta ci gefen nan na gona, ta yiwu ta tafi da biyu. Muka faɗaɗa ramin har azahar, muka bi ƙoramar muna tono da sanda, ba mu gan su ba. Ban san inda suke ba har yau. Ƙasa da mu akwai garake fiye da yadda zan ƙirga, kowace da rijiyarta.

Na ce masa zan nemi yadda za a kai ruwan a auna. Ya ce in an auna an ce lafiya, shi zai iya sake ba matarsa? In kuma an ce ba lafiya, me zai yi da ni? Ya ce bar shi haka. Ya ci gaba da ba albasar ruwa har aka cire ta, don ba yadda zai yi, amma daga ranar ba wanda ya ƙara kai ruwan baki. Da aka kwashe albasa ya cike rijiyar da hannunsa, da zoben simintin da komai. Na zo taya shi ya ce in koma teburina. Da kaka ya sake tafiya ci-rani.

Abin da muka tono na zuba a tono biyu, manyan gangunan ƙarfe, na rufe da marfi, na ɗora su kan duwatsu a bayan gidana, na yi musu rumfa. Na je Madawa wurin babban ɗan kasuwar da ke sauke fitilun, na tambaye shi ko akwai hanyar mayar da matattun inda aka ƙera su. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. “Wai mota ta koma da gawa! Malam, mu kawowa muka sani.” Masu sayen tsohon ƙarfe sun ce za su ɗauki masu dalmar, amma na ga yadda suke fasa su da gatari suna tsiyaye ruwan a ƙasa, sai na hana. Tono biyun suna nan. In hadari ya taso nakan je in taɓa marfin. In zafi ya yi yawa nakan je in shinshina.

Yanzu duk wanda ya zo teburina zai sayi fitila ya nemi shawara, sai in ce ya juya ta. In ya ga bis, in kuma batirin irin wanda ake cirewa a sa wani ne, ya saya ko ta fi tsada. Akwai irinsu, ba su da yawa. Na gyara wata sau uku, tana nan tana ci a gidan mai ita. In babu bis nakan ce ya bari. Wasu suna ji, da yawa suna cewa Mushe ya fara wa'azi, su sayi mai araha. Bayan shekara su kawo mini, su ce aje ta. Ina karɓa. Na san in na ƙi, juji za ta, ko ƙorama. Na fara cika tono na uku.

Wani lokaci ina tunanin mutumin da ya zana fitilar nan a can ƙasarsu. Ba na jin mugu ne. Ina jin yana da yara, yana murna ya yi abin da talaka zai iya saye. Wataƙila shi ma akwai ranar da ya ga ya kamata a sa bis huɗu, ya ce bari sai Juma'a.

Yayana bai taɓa tayar da maganar ba. Muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya ranar salla. Ban san ko ya gaya wa matarsa ba, ban kuma iya tambaya ba. Bayan shekara biyu ta haihu lafiya, mace, ni na yanka ragon suna. Amma tun daga wancan lokacin ba ta ƙara ce mini ƙaramin miji ba. Baban yara take ce mini, cikin ladabi, kamar baƙo.

Watan jiya na je gidansu da rana, yayana ba ya nan. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ta kawo ruwa a kwano, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Har ta juya za ta tafi sai ta tsaya, ba ta dube ni ba.

“Sha,” ta ce. “Na pompo ne.”